Kurkur da kumburin hanji: yadda za a yi amfani da shi ba tare da an cuci kai ba

Salam 'yan uwa. Maganar kurkur ɗin nan, wanda wasu ke ce ma gangamau, ta cika WhatsApp, kowane guruf ka leƙa sai ka tarar an turo odiyo wai yana wanke hanji tas, wai yana kashe kansa, wato ciwon daji, tun daga saiwa, wai likitoci sun sani ɓoyewa suke don a ci gaba da sayen maganinsu. Toh akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙari mai yawa, kuma ƙarin nan shi ne ke sa mutum ya zauna a gida wata da watanni yana kashin jini yana kaɗa garin kurkur a kofi har sai abu ya fi ƙarfin kowa sannan a ɗauke shi ranga-ranga zuwa Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi. Shi ya sa na ce bari in jera yadda ake bi, daga gano ciwon har zuwa yawan da za a sha.

Kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya, ka fara sanin me ke damun cikin naka. Mu nan zango duk jinin da ya fito ta dubura sunansa basir, duk zawo mai majina sunansa atini, shikenan an gama bincike, sai a aika yaro wajen mai magani. Alhali abubuwan da ke kawo jini a bayan gida suna da yawa kuma maganinsu bai haɗu ba ko kaɗan. Akwai basir ɗin na gaske. Akwai atini na ƙwayar amiba da na bakteriya, wanda ake ɗauka a ruwa ko abincin da bai da tsafta, wannan kwana kaɗan na maganin asibiti ya kashe shi. Akwai tsargiyar hanji ga wanda ya taso yana wanka a rafi ko tafki, akwai tibin hanji, sannan akwai wanda muke magana a kai, wato kumburin babban hanji mai daɗewa da likitoci ke kira alsaretif kolaitis, da ɗan uwansa cutar Kron. Su waɗannan biyun ba ƙwayar cuta ke kawo su ba, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin fatar hanjinsa, ciwon ya lafa ya tashi, ya lafa ya tashi, shekara da shekaru. Na ƙarshe kuma ita ce kansar babban hanji, wadda a farkonta kamanninta ɗaya da basir.

Don haka ka ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ɗinka ka je asibiti, ko Manhyia ko Tafo ko Suntreso ko duk wanda ya fi kusa da kai, a gwada bayan gida a gwada jini. In an ba ka maganin atini ka shanye amma jini bai tsaya ba, ko ya tsaya ya dawo, kar ka sake komawa kemis ka sayi irin na da, ka koma wajen likita ka ce a tura ka Komfo Anokye a leƙa hanjin da na'ura. Kolonoskofi ake ce masa, siririn tiyo ne mai kyamara a baki, ana ba mutum maganin wanke ciki kwana ɗaya kafin nan, in an shiga kuma ana ɗan tsinko tsoka a kai leb. Na san mutanenmu, musamman iyayenmu maza, da an ce ta dubura za a bi sai su ce Allah ya kiyaye. Alhaji ka yi haƙuri, babu wata hanyar da za a tabbatar da kolaitis ko a kore zargin kansar hanji in ba wannan ba, kuma ana ba da allurar da ke sa ba ka jin abin sosai.

Akwai kuma halin da ba a jiran komai: mutum na zagayawa sau 6 ko fiye a rana da jini, ga zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe. Wannan ko tsakar dare ne a samo mota ko pragya mai ƙafa uku a tafi imajensi, ba lokacin tafasa saiwa ba ne.

To yanzu mu ce an leƙa, an tabbatar kolaitis ne, an ɗora ka kan magani. Yawanci mesalazin ake bayarwa ko salfasalazin, wanda ya fi araha, in abin ya tashi da ƙarfi a ƙara da firedinisolon na ɗan lokaci. A nan ne kurkur ke da wurin zama, a gefen maganin, ba a madadinsa ba. Abin da ke aiki a cikinsa wani sinadari ne mai suna kurkumin, shi ne ke ba shi wannan ruwan ɗorawar da ke kama yatsa da farce. Tun 1815 wasu masana biyu a Faransa, Vogel da Pelletier, suka fara ware shi daga saiwar. Abin da aka gani a leb shi ne yana danne wani makunni a cikin ƙwayoyin jiki da ake kira NF-kB, wanda in ya kunnu sai jiki ya yi ta zubo sinadaran kumburi, kuma wannan makunnin yana cikin abubuwan da ke hana hanjin mai kolaitis hutawa.

An gwada a jikin mutane kuma. A Japan a 2006 an ɗauki mutum 89 waɗanda ciwonsu ya lafa, kowa na kan maganinsa na asibiti, rabi aka ƙara musu giram 1 na kurkumin bayan karin kumallo da giram 1 bayan abincin dare, rabi kuma aka ba su kafso na wofi mai kama da shi, ba wanda ya san wanne yake sha. Bayan wata 6, a waɗanda suka bi ƙa'idar gwajin har ƙarshe, cikin 43 masu shan kurkumin mutum 2 ne ciwon ya tasar wa, cikin 39 masu shan na wofi kuwa mutum 8. Sai a 2015 aka yi wani a Isra'ila da Hong Kong da Saifurus, mutum 50 da ciwonsu ke tashe duk da suna shan mesalazin, aka ba wasu giram 3 a rana na wata 1. Cikin 26 da suka sha, 14 ciwon ya kwanta musu, cikin 24 na ɗaya ɓangaren ko mutum ɗaya babu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gaskiya, amma ku lura da abu biyu, mutanen ba su da yawa, kuma babu wanda aka ce ya ajiye maganinsa. A Indiya da aka gwada ɗan kaɗan, miligiram 450 a rana, bai fi na wofi ba. Ga masu cutar Kron kuma labarin bai yi daɗi haka ba, a Faransa an ba waɗanda aka yi wa tiyata giram 3 a rana bai hana ciwon dawowa ba.

Nan ne lissafi ke shigowa, kuma shi ne masu odiyo ba sa faɗa. Garin kurkur ba kurkumin ba ne zalla, abin da ke ciki bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba, a ce kashi 3. Cokalin shayi ɗaya na garin kusan giram 3 ne, kenan kurkumin ɗin da ke ciki bai cika miligiram 100 ba. In kana son giram 3 irin na wancan gwajin daga gari, sai ka haɗiye wajen giram 100 a rana, cokali 30 da wani abu, wa zai iya? Kuma ko ka iya cikinka ba zai yarda ba. Saboda haka hanya biyu ce daban: akwai kurkur na kicin, wanda kusan kowa zai iya ci kuma abinci ne mai kyau amma ba shi ne zai kwantar da kolaitis mai tashe ba, akwai kuma kafso na kurkumin da aka tace, shi wannan magani ne sosai kuma da sharuɗɗansa.

Mu fara da na kicin. Shawarata ku sayi saiwar ku bar garin. Ku shiga Kejetia layin masu kayan yaji, ko kasuwar Aboabo ko Asawase, inda ake kasa citta da kanumfari da kimba nan za ku same shi, 'yan yatsu ne sirara da ba su kai citta kauri ba, bayansu da zobe-zobe. Ki ce Hajiya ta ba ki ɗaya ki karya. Mai kyau yana karyewa ƙas, cikinsa ruwan lemo mai duhu kamar karas, da danshi, ƙamshin ƙasa-ƙasa na bugun hanci, in kin goga a bayan hannu shaidar ba ta fita sai an sha wanki. Wanda ya yi laushi, ko ya yamutse, ko kika ga fari-farin fumfuna a gindin yatsun, ki ajiye mata kayanta.

Dalilin da ya sa nake gudun garin da ake ƙullawa a leda ba sunan kowa a jiki, dalma ce. A Bangaladash masu bincike daga jami'ar Stanford sun nuna a 2019 cewa wasu masu sarrafa kurkur na zuba masa wani fenti mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da dalma don ya yi kyau a ido ya yi kasuwa. Nan Gana ma hukumar abinci da magunguna, FDA, ta fitar da rahoto a 2025 cewa an samu dalma a wasu samfuran kurkur da na kwalli da aka tattaro daga kasuwanni. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara, tana cinye jini, tana kawo murɗar ciki, kun ga mai neman sauƙin hanji ya sayo wani ciwon da kuɗinsa. Akwai gwajin da ake yaɗawa na zuba gari a kofin ruwa, wai in ruwan ya rine nan take to akwai haɗi. Zai iya tona rini, amma ba ya nuna dalma, wannan sai leb. Garin da ya cika sheƙi har yana ɗaukar ido ni dai ba na saye.

In kin kawo saiwar gida ki wanke ƙasar tas, ba dole sai kin feƙe bawon ba, kankarewa da cokali ta isa. Ɗanyen ana iya gurzawa kai tsaye a miya, gutsure kamar gaɓar yatsa ya ishi tukunyar gida. In gari kike so ki yanka shi fale-fale, ki baza a faranti ko tire mai tsafta, ki rufa da yadi mara kauri saboda ƙura da ƙuda, ki ɗora a sama ba a ƙasa ba. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, shi ne daidai wannan aiki, don da damina iskar Kumasi jiƙe take, kafin ya bushe ya yi fumfuna. Alamar ya bushe shi ne ki karya ki ji ƙaras, ba ya lanƙwasa. Sai a daka a turmi a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a kwalba mai murfi a ɓoye daga rana don haske na kashe kurkumin. Kar ki kai injin niƙa na unguwa in mai kumburin hanji ne zai ci, ragowar barkonon wani za ki kwaso. Wanda ke da ɗan fili ko tsohon bokiti ma zai iya shukawa, a binne yatsa mai ido farkon damina wajen Maris ko Afrilu, bayan wata 8 zuwa 10 in ganyen ya bushe a tone.

Yawan da za a ci: rabin cokalin shayi zuwa cokali 1 a rana ga babba, cikin abinci. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyakar da mutum zai iya ci kullum ba fargaba a kan miligiram 3 na kurkumin ga kowane kilo na nauyin jiki, mai kilo 70 kenan miligiram 210, kusan cokali 2 na gari, to cokali 1 yana ƙasa da iyaka. Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, mai yake so, shi ya sa kaɗa shi a ruwan sanyi a shanye da safe ba wani abin kirki yake yi ba sai ɗaci. A soya shi da albasa a ɗan man gyaɗa kafin a tsaida ruwan miya, ko a sa a farfesun kifi, ko dafa-duka, ko miyar kuɓewa ta tuwo. Mai son na sha ya dafa rabin cokali a madara kofi ɗaya minti 5 a wuta kaɗan-kaɗan ya sa zuma, amma wasu masu kolaitis madara na tsinka musu ciki, in kana cikinsu ka sa a koko. Sai dai kokonmu na bakin titi citta da barkono sun yi masa yawa ga wanda hanjinsa ke tashe, gara a dama na gida mara yaji.

Sai maganar masoro, don kowa ya ji an ce a haɗa da shi. Asalin zancen wani gwaji ne da aka yi a Bangalor ta Indiya a 1998, aka ga in an haɗa giram 2 na kurkumin da miligiram 20 na fiferin, wato sinadarin da ke sa masoro yaji, abin da ke shiga jini yana ninkuwa har sau 20. Dalili shi ne hanji da hanta suna saurin sarrafa kurkumin su fitar da shi, fiferin kuma yana taka musu birki. Ɗan barbaɗa masoro a miya ba laifi. Amma ga mai kolaitis ni ban ga dalilin bin kafso mai fiferin ba, saboda inda ake son maganin ya je shi ne fatar babban hanji, kuma wanda bai shiga jini ba ai can yake gangarawa ya zauna. Gwajin Japan da na Isra'ila kurkumin zalla suka bayar. Sannan birkin da fiferin ke takawa ba kurkumin kaɗai yake shafa ba, har wasu magungunan asibiti yana canza yadda jiki ke sarrafa su.

Yanzu kafso. Kar ka fara sai likitan da ke duba hanjinka ya sani, ka je masa da kwalbar a hannu ya karanta da idonsa. Ka duba lambar rajistar FDA a jiki da ranar lalacewa, ka duba an rubuta miligiram nawa na kurkumin ke cikin kowane kafso, don da yawa garin kurkur ne kawai aka ɗura aka tsuga kuɗi. Na cikin motocin haya na trotro da na masu lasifika a tasha, wanda kwalba ɗaya ke maganin basir da sanyi da ƙarfin maza da ciwon daji, wannan ba sai na ce komai ba. Ka roƙi a yi maka gwajin hanta kafin ka fara, har da na ciwon hanta nau'in B don yana da yawa a ƙasar nan kuma mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba, sannan a maimaita gwajin bayan wata 1 ko 2. A fara da kaɗan, kamar miligiram 500 a rana bayan abinci, in ciki ya karɓa a riƙa ƙarawa a hankali zuwa inda likita ya tsayar, an fi raba shi safe da dare. Wasu yana sa musu tashin zuciya ko kumburin ciki ko bayan gida ya yi ruwan ɗorawa, wannan na ƙarshen ba abin tsoro ba ne.

Abin tsoron hanta ce. A Italiya a 2019 an samu mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson kurkur, a Amurka wata ƙungiyar likitoci masu bin diddigin illar magunguna ga hanta ta ba da rahoton mutum 10 a 2022, 5 sun kwanta asibiti 1 ya rasu, Ostareliya ma ta fitar da gargaɗi a 2023. Da yawa cikin kayan da aka kama irin waɗanda aka ƙara wa fiferin ne ko aka sarrafa don su fi shiga jini. Ba kowa yake samu ba, kaɗan ne, amma ba ka san ko kana ciki ba sai ya faru, kuma yakan ɗauki makonni ko 'yan watanni kafin ya nuna. In ka ga idonka ya fara yin shawara, fitsari ya yi duhu kamar shayi ba madara, jiki na ƙaiƙayi, kasala da ƙin abinci, ka tsaida kafson ranar ka tafi asibiti. Masu shan salfasalazin ku sani shi ma yana rina fitsari ya yi ruwan lemo, wannan daban ne, idon za ku riƙa dubawa a hasken rana.

Akwai waɗanda kafson bai dace da su ba sam sai in likita ya ce: mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko kulofidogirel ko asfirin, don kurkumin na ƙara sa jini ya ƙi tsayawa, mai tsakuwa a matsarmama, mai yawan yin tsakuwar ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa, yara, da wanda za a yi wa tiyata, shi ya tsaya sati 2 kafin ranar. Mai ciwon suga ya riƙa gwada sugansa don zai iya sauka fiye da yadda ya saba. Kuma kurkumin na kama sinadarin ayon, mai kolaitis kuwa dama jininsa a ƙasa yake saboda zubar da yake yi, to in an ba ka maganin ƙarin jini kar ka haɗa su lokaci ɗaya, ka sa awanni a tsakani.

Ta yaya za ka san yana aiki? Ka sayi ɗan littafin makaranta ka riƙa rubutawa kullum: sau nawa ka zagaya, da jini ko babu, ka tashi cikin dare ko ba ka tashi ba, murɗa ta yi yaya. Ƙwaƙwalwa na yaudara, ranar da ka ji daɗi sai ka manta satin da ya wuce. In an yi wata 1 zuwa 2 littafin bai nuna canji ba, ka daina ɓarnar sidi, ka koma a sake duba maganin asibitin. In kuma ya nuna sauƙi, nan ne Shaiɗan ke zuwa ya ce ai ka warke ajiye mesalazin ɗin nan mai tsada. Kar ka ajiye. Sannan duk ƙoƙarin nan zai tashi a banza in kana haɗiyar diklofenak ko burufen don ciwon baya ko gwiwa, waɗannan suna tayar da kolaitis, farasitamol ya fi maka.

Mu zo kan maganar kansar hanji, inda aka fi yi wa mutane ƙarya. Gaskiya ne kumburin da ya daɗe a babban hanji yana ƙara haɗarin kansa, saboda fatar na ta lalacewa tana sake tsirowa, a cikin wannan maimaicin ne wasu ƙwayoyi ke kaucewa hanya. Gaskiya ne kuma in an zuba kurkumin a kan ƙwayoyin kansa a faranti a leb, ko aka ba ɓeraye, ana ganin yana hana su yaɗuwa. Amma ɗan Adam ba faranti ba ne. Akwai wata cuta ta gado da ke sa ɗaruruwan tsiro fitowa a hanji har su rikiɗe su zama kansa, a 2006 an ba mutum 5 masu ita kurkumin haɗe da wani sinadari aka ga tsiron sun ragu, labari ya zaga duniya. Da aka sake gwadawa yadda ya kamata aka fitar a 2018, mutum 44, giram 3 a rana shekara guda, wasu na gaske wasu na wofi, ba a ga bambanci ba. A Lesta ta Ingila an haɗa giram 2 da kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin kansa, ga masu kansar hanjin da ta yaɗu, abin da aka iya cewa a 2019 shi ne jikinsu ya ɗauka ba matsala, mutanen sun yi kaɗan a ce ya ƙara musu kwana. Ƙari a kan haka, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tallata kurkumin a matsayin maganin kansa, Bharat Aggarwal, wanda a da yake aiki a cibiyar MD Anderson a Amurka, mujallun kimiyya sun janye takardunsa fiye da 20 saboda matsala a hotuna da sakamakon da ke ciki. Yawancin abin da ake karanto muku a odiyo daga irin wannan zamanin ya samo asali.

Har yau babu hukumar lafiya da ta amince da kurkumin a matsayin maganin kansa. Masu bincike a jami'ar Yale sun bi bayanan marasa lafiya a Amurka suka fitar a 2018 cewa masu kansar hanji da suka ƙi na asibiti suka tsaya kan na gargajiya kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau 4. Ita kuwa wannan kansa in an kama ta tun tana wuri ɗaya, a alƙaluman Amurka kusan 9 cikin 10 suna kaiwa shekara 5 a raye, tiyata ce ke cire ta. In an bari ta kai hanta ko huhu lissafin ya juye gaba ɗaya. Watannin da ake ɓatawa ana gwada saiwa su ne tsakanin waɗannan biyun.

Don haka mai kolaitis da ke tsoron kansar hanji, abin yi a fili yake: ka riƙe maganin da ke kwantar da kumburin, kuma in ciwon ya kai shekara 8 da farawa ka nemi a sake leƙa hanjin ko da kana jin garau, daga nan likita zai faɗa maka duk bayan shekara nawa za ka riƙa dawowa. Wanda ba shi da kolaitis amma ya kai 45, ko mahaifi ko ɗan uwa na jini ya taɓa yin kansar hanji, ya tambayi likita maganar gwaji. Rama ba dalili, ƙarancin jini, bayan gida ya canza ya ƙi komawa daidai, jin kamar ba ka gama ba bayan ka gama, duk abin kai wa asibiti ne. A rage sosej da konbif da sauran naman gwangwani, tun 2015 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji. A bar sigari. Wake da ganye da gero suna da kyau lokacin da ciki ke lafiya, in ya tashi a sassauta su zuwa ya lafa.

Wanda kuma an riga an gano kansar yana karɓar kemo, kurkur a miya ba a hana shi ba, amma kafso kar ya kusance shi sai likitan da ke ba shi kemon ya amince, don yana iya canza ƙarfin maganin a jini. An ga haka da tamoksifen na masu kansar nono, haɗa shi da kurkumin da fiferin ya rage yawan maganin a jikinsu. 'Yan dubiya ku ma ku ji, kowa ya zo da ƙullinsa a jaka, Mma ga wannan an ce mujarrabi ne, mara lafiya kuma kunya ba ta barinsa ya ƙi. Ku kawo lemo da addu'a ya wadatar.

In hankalinka ya fi kwanciya da masu maganin ganye, akwai waɗanda suka karanta abin. Jami'ar KNUST ta nan Kumasi na koyar da ɗalibai fannin maganin tsirrai tun farkon shekarun 2000, wasu asibitocin gwamnati a nan Kumasi suna da sashensu a ciki, sannan ga cibiyar binciken magungunan tsirrai da ke Mampong Akuapem tun 1975. Irin waɗannan za su duba takardunka na asibiti kafin su ba ka komai, kuma in abin na tiyata ne za su ce maka na tiyata ne. Ranar da za ka je wajensu ko wajen likitan hanji, ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya ka tafi da shi, na asibiti da na kemis da jiƙon da Inna ta aiko daga gida, har da littafin nan na bayan gida. In azumi ya kusa kuma ka tambaya tun kafin a ga wata yadda za ka raba maganin tsakanin sahur da buɗa baki, da kuma ko ciwon naka ya lafa yadda za ka iya ɗaukar azumin bana.